Tambayoyi da amsoshi kan rawar fadar Kambodiya, rawar da ta kusa mutuwa tare da masu yinta

Da yawanmu mun sha cin karo da bidiyon nan a Facebook ko TikTok, 'yan mata cikin kayan zinare da doguwar hula mai tsini suna lanƙwasa yatsunsu baya kamar babu ƙashi a ciki, ƙafa ba takalmi, fuska ba dariya sosai ba kuma ɗaurewa. Wasu su wuce, wasu su tsaya su rubuta a ƙasa cewa wannan kuma wace irin rawa ce da ba a motsi. To ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wai wace rawa ce wannan, kuma ta su waye?

Rawar gargajiyar fadar sarakunan Kambodiya ce, ƙasar da ke kudu maso gabashin Asiya tsakanin Tailan da Laos da Biyetnam, kuma mutanen Khmer ne masu ita, su ne mafi rinjaye a ƙasar. A harshensu suna kiranta Robam Preah Reach Trop. Ku sani tana da bambanci da rawar ƙauye irin ta ɓawon kwakwa ko ta masunta, ko romvong da kowa ke shiga zagaye ya taka a biki. Wannan ta fada ce, tana da doka a kan kowane yatsa, kuma shekaru ɗaruruwa sarki ne yake ciyar da masu yinta yana tufatar da su, a cikin gidansa suke zaune. Hukumar UNESCO ta ayyana ta cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2003, sannan aka saka ta cikin babban jerinta na al'adun gado na duniya a 2008.

Da gaske ne tun zamanin Angkor, tsohon babban birnin daular Khmer, ake yinta haka ba a canza komai ba?

Rabi gaskiya ne rabi talla. Gaskiyar ita ce rawa a gidajen bauta tsohon abu ne a can. In ka je Angkor Wat, katafaren gidan bautar da sarki Suryavarman na biyu ya gina a ƙarni na 12, za ka ga siffofin mata sama da 1,700 an sassaƙa a jikin bango, kowacce da irin kitsonta da adonta. Akwai kuma rubutun dutse na gidan bautar Ta Prohm, na shekarar 1186 zamanin sarki Jayavarman na bakwai, wanda ya lissafa ma'aikatan wurin har da 'yan rawa 615, gidan bauta ɗaya fa kenan. Don haka babu mai musun cewa abin yana da saiwa mai nisa.

Amma cewa motsin da ake yi yau shine dai na wancan lokacin sak, wannan babu wanda zai iya rantse maka, dutse ai ba ya motsi, yana nuna tsayuwa ɗaya ne kawai. Bayan da sojojin masarautar Ayutthaya ta ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, suka ci Angkor a 1431 fadar ta koma kudu, ƙasar ta yi ta shan yaƙi, sai a ƙarni na 19 sarki Ang Duong, wanda ya rasu a 1860 kuma ya daɗe a Bangkok, babban birnin Siyam, kafin ya hau mulki, ya sake tsara rawar da kayan sawarta. Yawancin abin da ido ke gani yau daga wannan gyaran ya samo asali, sai kuma gyaran da aka yi a ƙarni na 20. Ni a ganina wannan bai rage mata daraja ba ko kaɗan, abin da ake ta gyarawa ana miƙawa shine mai rai.

Me yasa suke tafiyar hawainiya haka?

Saboda hannun magana yake yi, kuma in aka yi sauri maganar ta ɓace. Ana kiran motsin kbach, kuma malaman rawar sukan ce sun kai kusan 4,500 in aka haɗa na hannu da ƙafa da kai da jiki gaba ɗaya. Tushen na hannu daga rayuwar tsiro aka ɗauko shi: yatsa ɗaya a miƙe tsiro ne ya fito, tafin hannu a buɗe an lanƙwasa yatsu baya ganye ne, babban yatsa ya haɗu da manuni sauran sun baje fure ne, sai ɗan itace, sai ɗan itacen ya nuna ya faɗi, iri ya koma ƙasa a sake daga farko. Wannan hannun guda in aka kai shi kusa da baki yana nufin wani abu, in aka kai kusa da ido wani abu daban, da haka ake cewa kuka ko kunya ko soyayya ko fushi ko tashi sama.

Kuma kada jinkirin ya ruɗe ku ku ɗauka abin da sauƙi. Gwiwa a durƙushe take kusan duk tsawon rawar, baya a gantsare, yatsun ƙafa a ɗage sama, sannan a tsaya da ƙafa ɗaya a ɗaga ɗayar ta baya har tafin ya kalli sama, wannan ita ce alamar tashi a iska, kuma a daɗe a haka ba tare da jiki ya yi rawa ba ga kaya masu nauyi a kai. Wanda duk ya gwada minti ɗaya zai gane.

Mata ne kaɗai suke yi?

A da can e, tunda a cikin gidan sarki ake yi, mata ne suke hawa kowane matsayi. Matsayin manya guda huɗu ne: neang wato mace, neay rong wato namiji, yeak wato dodo ko ƙato, sai sva wato biri. Har yau mace ce take fitowa a matsayin yarima ko sarki, kuma mace ce take saka fuskar dodo ta buɗe ƙafa ta taka da ƙarfi. Biri ne kawai aka bar wa maza tun wajen shekarun 1940, saboda tsalle da alkafura da ke ciki. Dodo da biri suna rufe fuska, mace da namiji kuwa fuskarsu a buɗe.

Maza suna da nasu daban, lakhon khol, wasan da maza zalla ke yi da fuskokin rufi. Wanda ya fi suna shine na Wat Svay Andet a lardin Kandal kusa da Phnom Penh, babban birnin ƙasar, manoma ne suke yi bayan sabuwar shekararsu ta watan Afrilu don roƙon ruwa, kuma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa a 2018.

Tunda masu rawar ba sa magana, waye yake ba da labarin?

Mawaƙa ne, suna zaune a gefe tare da makaɗa suna rera abin da ke faruwa, mai rawa kuma tana fassara shi da jiki. Ƙungiyar kiɗan sunanta pinpeat. Akwai roneat, katakai ne a jere ana bugawa da sanda, akwai kong vong, ƙananan tasoshin tagulla da aka jera a zagaye makaɗi ya zauna a tsakiya, akwai sralai abin busa mai kaifin murya kamar algaita, sai gangar sampho da ake bugawa da hannu wadda ita ke jan ragamar kiɗan, sai manyan ganguna skor thom da ƙananan kuge chhing. Kowane irin aiki da takensa, na tafiya daban, na yaƙi daban, na kuka daban, shi yasa ɗan ƙasar da ya saba ko idonsa a rufe zai gaya maka abin da ake ciki.

Wane irin labari ake yi?

Babban shine Reamker, wato yadda Khmer suka mayar da labarin Ramayana na Indiya nasu. Preah Ream ne yarima, matarsa Neang Seda, sarkin dodanni Krong Reap ya sace ta, sai farin biri Hanuman ya taimaka aka yi yaƙi. Akwai wani yanki da 'yan kallo ke so sosai inda Hanuman yake gina hanya a teku da duwatsu, kullum sai a ga duwatsun sun ɓace, ashe Sovann Maccha ce, mace mai jelar kifin zinare, take sa kifayenta suna kwashewa, ya bi ta don ya kama ta sai soyayya ta shiga tsakani.

Amma wanda ya fi taɓa ni shine na Moni Mekhala da Ream Eyso. Almajiran malami ɗaya ne, malamin ya ce duk wanda ya fara kawo masa kofi cike da raɓar asuba shi zai samu babbar kyauta. Shi Ream Eyso, dodo ne, ya yi ta bin ganye yana tara ɗigo ɗaya ɗaya, ita kuwa sai ta shimfiɗa mayafinta a kan ciyawa ya kwana, da safe ta matse shi kofi ya cika. Aka ba ta dunƙulen ƙarau mai haske, shi aka ba shi gatari. Hassada ta kama shi ya tare ta a sararin sama ya ce sai ta ba shi, ta ƙi, ya wurga gatarin, ƙararsa ita ce tsawa, ita kuma ta cilla dunƙulen sama haskensa ya kashe masa ido, shine walƙiya, daga faɗan nan ruwa ke sauka. A ƙasar da shinkafa ce rayuwa kuma ake jiran damina daga wajen watan Mayu, kun ga wannan ya wuce tatsuniyar yara.

To addini ne ko nishaɗi?

Duka biyun, kuma gara a faɗi gaskiya a nan. Asalinta bauta ce. Ta taso cikin addinin Hindu, daga baya ƙasar ta koma addinin Buddha wanda yau sama da kashi 90 cikin 100 ke bi, ga kuma tsohon imani da ruhohin kakanni da na ƙasa. A wajensu mai rawa 'yar aike ce tsakanin sarki da alloli. Akwai bikin buong suong da ake yi in an shiga fari ko wata masifa, a yi rawa a matsayin roƙo. Akwai kuma sampeah kru, girmama malamai rayayyu da matattu, ranar Alhamis ake yi, da turare da kyandir da furanni da 'ya'yan itace, kuma hular rawa da fuskokin rufin ba a ajiye su a ƙasa ko a tsallake su, sai an yi gaisuwa kafin a ɗora a kai.

Yawancin masu karanta wannan aƙidarmu ta sha bamban da wannan nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya ce mu yarda da shi. Amma in mutum bai san wannan ɓangaren ba ba zai taɓa fahimtar dalilin da yasa tsohuwa za ta yi kuka don ta ga an karkata gwiwar hannu ba daidai ba. Akwai kuma raye-rayen da aka tsara don tarbar baƙi kawai, irin Robam Chuon Por inda ake watsa furanni daga ƙananan kofuna ana yi wa mahalarta fatan alheri.

Shekara nawa ake ɗauka ana koyo?

Ana farawa tun yarinya tana 'yar shekara shida zuwa takwas, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar a zahiri take, kullum da safe ana lanƙwasa yatsu baya da gwiwar hannu da ƙugu har jiki ya saba. Sai an yi wajen shekara tara ko fiye kafin a ce ta iya. Malama ce take duba tsayin yarinya da fuskarta ta ce ke mace za ki yi, ke namiji, ke dodo, kuma yawanci a nan za ta zauna har ta tsufa.

Abin da nake so ku riƙe shine yadda ake koyarwar. Malama tana tsayawa a bayan ɗaliba ta kama hannunta da kafaɗarta da haɓarta ta saita su da hannunta, yau da gobe, har jikin ya haddace. Ba daga littafi ake ɗauka ba. Duk wata rawa tana zaune ne a jikin wata mata, in matar ta mutu ba ta miƙa ba to shikenan.

Kayan kuma ɗinke su ake yi a jikin mai rawa da allura da zare kafin a fito, don su kama jiki tsam, abin yana cin awa biyu ko uku, in an gama a farke.

Ita rawar Apsara da ake ta tallatawa fa?

Apsara na nufin matan sama masu rawa a tatsuniyoyinsu. Ita ce ta fi suna amma tana cikin sababbi. Sarauniya Sisowath Kossamak, mahaifiyar sarki Norodom Sihanouk, ita ta riƙe ƙungiyar rawar fada tun shekarun 1940, ta gajarta wasannin da a da ake kwana ana yi suka koma abin da za a iya nuna wa shugaban ƙasa baƙo a zama ɗaya, kuma a farkon shekarun 1960 ta sa aka tsara Robam Apsara ana kwaikwayon adon matan bangon Angkor Wat. Jikarta gimbiya Norodom Buppha Devi ce tauraruwar, ita ce fuskar Kambodiya a duniya a lokacin, tunda ƙasar ta samu 'yanci daga Faransa a 1953 Sihanouk ya mayar da rawar jakadiya yana tafiya da ita ƙasashe.

Turawa kuwa sun ganta tun kafin nan. A 1906 sarki Sisowath ya je Faransa da masu rawarsa, mai sassaƙa Auguste Rodin ya gansu a Paris abin ya tafi da hankalinsa har ya bi su Marseille, ya yi zanensu kusan 150.

Me ya same ta a zamanin Khmer Rouge?

Nan ne wurin da labarin yake da ciwo. Ranar 17 ga Afrilu 1975 dakarun Khmer Rouge, 'yan kwaminis ƙarƙashin jagorancin Pol Pot, suka shiga Phnom Penh suka kori kowa da kowa daga birnin zuwa gonaki. Duk abin da ke da alaƙa da sarauta ko addini ko ilimi ya zama laifi, an kashe malaman makaranta da likitoci da limaman Buddha, an kashe Musulmi 'yan ƙabilar Cham da yawan gaske an rusa masallatansu, kuma mai rawar fada ai ta haɗa duk abubuwan da suka tsana a jiki ɗaya. Kafin a kore su a Janairun 1979 mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta da aikin dole. A cikin masu rawa da makaɗa ana ƙiyasta tara cikin goma ne suka tafi.

Waɗanda suka tsira ɓoyewa suka yi, su ce su masu sayar da kaya ne a kasuwa ko masu ɗinki, ga shi kuma jikin da aka horar tun yarinta yana iya tona asiri, yadda mace ke tafiya ko yadda yatsunta suke lanƙwashewa. Ku tuna abin da na ce a sama, rawar a jiki take zaune. Kowace malama da aka kashe ko yunwa ta kashe, ta tafi da raye-rayen da watakila ita kaɗai ta san su daga farko har ƙarshe, kuma akwai waɗanda ba su dawo ba har yau. Cikin ƙasa da shekara huɗu aka kusa share abin da aka yi ƙarni da ƙarni ana miƙawa hannu da hannu.

Wani abin da ke sa mutum ya yi shiru shine labarin Chea Samy, tsohuwar mai rawar fada tun zamanin sarki Monivong. Mijinta yayan Pol Pot ne, kuma yaron ya zauna a wajensu a Phnom Penh yana ƙarami, sunansa Saloth Sar a lokacin. Ita ma an kore ta ƙauye ta sha wahala kamar kowa, ba ta ma san wanda ake kira Pol Pot ƙanin mijinta ba ne sai da ta ga hotonsa. Ita ce kuma ta dawo ta zama ɗaya daga cikin manyan da suka tayar da rawar da mulkinsa ya nemi kashewa.

Ta yaya aka dawo da ita?

Da cigiya. Bayan 1979 aka yi ta sanarwa a rediyo ana neman duk wani mai fasaha da ya rage ya zo Phnom Penh, mutane irin su Chheng Phon, wanda daga baya ya zama ministan al'adu, suka yi ta tattaro su. Wasu da ƙafa suka taho, a rame, sun rasa miji da 'ya'ya. Aka zauna wannan ta tuna farkon rawa, waccan ta tuna tsakiya, wani makaɗi ya tuna taken, mawaƙiya ta tuna baiti biyu, da haka aka yi ta harhaɗawa. A farkon shekarun 1980 aka sake buɗe makarantar fasaha kuma ɗaliban farko da yawansu marayu ne. Em Theay, gwanar matsayin dodo kuma mawaƙiya, wadda ake yi wa laƙabi da mai rawa ta goma saboda ɗaya cikin goma ne suka rayu, ta yi ta koyarwa har tsufanta, ta rasu a 2021.

A can iyakar Tailan ma, cikin sansanonin 'yan gudun hijira irin su Khao-I-Dang da Site 2, mutanen da ba su da tabbacin abincin gobe suka kafa ajin rawa suna haɗa hula da abin da suka samu. Daga nan rawar ta bi su Faransa da Amurka, shi yasa yau za ka samu makarantun rawar a Long Beach ta Kalifoniya da Lowell ta Massachusetts. Da aka dawo da sarauta a 1993, bayan an daɗe da soke ta, gimbiya Buppha Devi ta riga ta koma gida, ta zama ministar al'adu har zuwa 2004, a zamaninta ne aka samu amincewar UNESCO, ta rasu a 2019. Ƙaninta sarki Norodom Sihamoni da ke kan gado tun 2004 shi ma rawa ya karanta a Prague.

Me yasa take kama da ta Tailan, waye ya kwaikwayi wani?

In kana son ganin faɗa a intanet to yi wannan tambayar a ƙarƙashin bidiyon rawar. Khmer za su ce Siyam sun kwashe masu rawa da masu sana'a daga Angkor a ƙarni na 15, 'yan Tailan kuma su ce kayan sawa da tsarin yanzu daga fadar Bangkok suka koma Kambodiya a ƙarni na 19. Kowanne yana da hujja, don abin ya je ya dawo ne. Amma zafin ba na wasa ba ne, a Janairun 2003 jita-jitar cewa wata 'yar fim ta Tailan ta ce Angkor Wat nasu ne ta sa aka ƙona ofishin jakadancin Tailan a Phnom Penh. A 2018 UNESCO ta karɓi khon, wato wasan fuskokin rufi na Tailan, da lakhon khol na Wat Svay Andet a zama ɗaya, kowa da nasa.

Yanzu ta tsira kenan? Kuma a ina mutum zai ga ta gaske?

Ta tsira daga mutuwa amma da sauran rina a kaba. Ana koyar da ita a Jami'ar Fasaha ta Sarauta a Phnom Penh, akwai masu tsara sababbin wasanni irin su Sophiline Cheam Shapiro, wadda tana cikin yaran da suka fara koyo bayan Khmer Rouge kuma ta ɗauki labarin Othello na Shakespeare ta zuba shi cikin wannan salon, akwai ƙungiyar Cambodian Living Arts da Arn Chorn-Pond ya assasa a 1998 don nemo tsofaffin malamai a haɗa su da ɗalibai. Matsalar ita ce kuɗi. Yarinya ta yi shekara tara tana horo ta fito abin da za ta samu bai kai ya riƙe ta ba, sai ta koma rawa a gidajen cin abinci na Siem Reap, garin da ke kusa da Angkor Wat, inda 'yan yawon buɗe ido ke cin abinci suna hira ana yi musu gutsure-gutsuren minti biyar biyar, kuma wannan yana ci min rai in na tuna abin da tsofaffin matan nan suka sha kafin su dawo da ita. Babban gidan wasan ƙasar ma, Preah Suramarit, ya ƙone a 1994 aka rushe shi a 2008.

Wanda Allah ya kai shi can, ya fara tambaya ko akwai wasa a zauren Chaktomuk da ke bakin kogi a Phnom Penh, ya nemi wanda ake yi da makaɗan pinpeat a zaune suna bugawa da hannunsu, ba wanda aka kunna kiɗa a lasifika ba. Ya shiga fadar sarki ya ga rumfar Chanchhaya inda ake rawar a da, ya zagaya bangon harabar Silver Pagoda, gidan bautar da ke cikin fadar, inda aka zana labarin Reamker tun farkon ƙarni na 20. Wanda kuma waya ce kawai hanyarsa, ya nemi cikakken wasan Moni Mekhala da Ream Eyso a YouTube, ya karanta labarin tukuna sannan ya kalla, kuma ya sa ido a kan hannun.